Yadda ake riƙe sana'ar datse itatuwa a Maradi, da yadda ake zama da masu gida

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Maradi ya san iskar da ke gaban hadari. Takan taso daga gabas da jar ƙura, kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa ta riga ta karya rassan bedi a unguwannin Zariya da Sabon Gari, wani reshen ya faɗa kan kwano, wani kan wayar wuta. Washegari wayata ba ta hutawa. Da wannan aiki nake ciyar da gidana, ni da yara biyu da ke taya ni, kuma matasa kan tare ni a fada su ce ta ina ake farawa. Ga yadda nake yi.

Tun ba ka sayi ko gatari ba, ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka gabatar da kanka. Nijar tana da dokar gandun daji, lamba 2004-040 ta 8 ga Yunin 2004, kuma akwai itatuwan da hukuma ta kare, irin su gawo da giginya, waɗanda ba a kayarwa sai da izini. Ka tambaye su takardar da ake buƙata in za a sare itace, da wadda ake buƙata in za a yi dakonsa. In itacen bakin titi ne, sai ka bi ta ma'aikatar magajin gari. Mai gida zai ce maka, "Ai ni na dasa shi da hannuna." Gaskiyarsa, amma ranar da aka zo bincike kai za a tarar da inji a hannu. Don haka rage reshe a tsakar gida daban, kayar da itace daga gindi daban, kuma na biyun ba na taɓa shi sai na ga takarda.

Kayan aiki ba sai ka ci bashi ba. Gatari, adda, zarton hannu mai kaifi, tsani mai ƙwari, da igiya biyu: ɗaya ta ɗaure kanka, ɗaya ta sauko da reshe, kada ka taɓa musanya su. Hular kwano da tabarau da takalmi rufaffe dole ne. Injin yankan itace ka fara da haya har aiki ya kankama. In ka samu naka, ka tuna ba a zuba masa fetur zalla, sai an gauraya da man da aka yi don irinsa. Injunan Stihl, da mai na kirki, mililita 20 ne a lita ɗaya. Kuma kada ka yi yanka da tsinin takobin injin, wato dogon ƙarfen da sarƙar yanka ke zagayawa a kai, domin nan ne yake tsalle ya dawo wa fuska.

Rabin sana'ar nan a ƙasa ake yin ta, a gindin itacen, kai da mai shi. In an kira ka, kada ka yanke farashi a waya, ko da an turo hoto ta WhatsApp. Hoto ba ya nuna kogo, ba ya nuna gara. Ka je da ƙafarka. Ka zagaya itacen, ka buga gindinsa da bayan gatari ka saurara: in ya yi amo kamar ganga, cikinsa ya cinye, hawansa sai da dabara. Ka ɗaga kai ka nemi rina da ƙudan zuma. Ka duba ina wayar Nigelec, kamfanin wutar lantarki, ta bi, in reshe yana goga ta kada ka hau sai ma'aikatansu sun yanke wutar, domin ɗanyen itace yana ɗaukar wuta. Sannan ka dubi abin da ke ƙarƙashi: kwano, katangar ƙasa, rumfar awaki, randar ruwa.

Daga nan sai tambayoyi, kuma ba na jin nauyin yin su. Wa ke da gidan? In ɗan haya ne ya kira ka, sai ka ji daga bakin mai gidan. In gidan gado ne, sai babban wa ya sani. Reshen da ya tsallaka katanga fa, an yi wa maƙwabci magana? Wannan na koye shi da tsada. Wata shekara na sauko da reshen bedi da ya leƙa gidan wata tsohuwa, ban yi mata sallama ba don mai aikin ya ce sun gama magana. Ashe a inuwar nan take daka, a nan jikokinta ke kwana da rana. Ta fito ta tsaya tana kallon rana ta cika mata tsakar gida, ba ta zage ni ba, sai ta ce, "Ɗana, da ka tambaye ni." Har yau maganar tana cina. Tun daga ranar nake shiga gidan maƙwabci da kaina, in gaisa, in nuna reshen da yatsa.

Mafi yawan masu kira abu ɗaya suke so: a gundule itacen, a bar gungume. Tsoron iska ne ke sa su, kuma ina fahimta. Sai dai bedin da aka yi wa ƙwal-kwabo yakan fito da tsirrai da yawa a bakin yankan, dogaye, marasa ƙarfin gindi, bayan shekara kaɗan su ne iska za ta fara ɓallewa. Ga shi an rasa inuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, bari in cire busassu, da wanda ke kan ɗaki, da waɗanda ke goga juna. Iska za ta sami hanyar wucewa, inuwarka tana nan." Ba na cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a aiki ɗaya. In mai gidan manomi ne, nakan tuna masa sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, ya fara tare da manoman jihar nan a 1983: a zaɓi tsiro masu ƙarfi a kan kututture a bar su, a rage sauran. Da wannan dabarar gonakin Agye da Tasawa suka sake cika da itace. Mutumin da ya ga haka a gonarsa ba ya wuyar ganewa a tsakar gidansa.

Farashi kuwa, ka ƙirga fetur, da hakkin yara, da amalanken kwashe kaya, da haɗarin wurin, tukuna ka faɗa. Itacen da ke fili da wanda ke tsakanin ɗakuna biyu ba kuɗinsu ɗaya ba ne, ko da tsawonsu ɗaya. Abin da ya fi jawo faɗa shi ne itacen da aka sauko da shi: na wa ne? In naka ne, ka rage kuɗin aiki, tunda masu gashin burodi da mata masu suyar ƙuli-ƙuli za su saya, masassaƙa kuma suna neman mai kauri. In na mai gida ne, a faɗa tun yanzu ko kai za ka faskara. A yi maganar gaban shaida, ka karɓi kafin alƙalami, ka rubuta a littafinka.

Ranar aiki ka yi sammako, kafin rana ta yi zafi kuma kafin iska ta tashi. A kwashe yara da dabbobi, ka sa yaro ɗaya a ƙasa wanda aikinsa hana mutane wucewa da riƙe igiya. Babban reshe sau uku ake yanka shi. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jikin itacen, ka shiga wajen sulusin kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farkon, har reshen ya ɓalle. Yankan ƙasan ne ke hana shi ɗaye ɓawo ya yi wa itacen doguwar tsaga. Na uku ka cire guntun da ya rage, daidai bayan kumburin nan da ke wuyan reshe. Kumburin ka bar shi, da shi itace ke rufe ciwonsa. Kada ka shafa fenti ko baƙin mai, ba ya ƙara komai. Reshen da ke kan rufi kuma ba a sakinsa, ana ɗaure shi, a rataya igiyar a reshen da ke sama, a sauko da shi guntu-guntu.

In kayarwa ce, ka buɗe baki a gefen da kake so ya faɗa, ka yanko daga baya sama kaɗan, ka bar ɗan itace tsakanin yankan biyu don ya riƙe shi yana kwantawa. Masu kallo su ja baya ninki biyu na tsawon itacen. Ka share hanyar gudunka tun kafin ka tada inji.

In ɓarna ta faru, ko kwano ɗaya ne ya lotse, kai za ka fara faɗa, ka gyara daga aljihunka. Maradi gari ne da labari ke zagaya fada kafin la'asar. Kuma kada ka nemi cikon kuɗinka sai ka share wurin tsaf. Hajiya ba za ta hau itace ta duba yanka ba, tsakar gidanta za ta duba.

Littafin nan da na ce ka rubuta a ciki, ka sa unguwa, da irin itacen, da watan da aka yi aikin. Bedi yana saurin tofowa, shekara biyu zuwa uku zai sake neman hannu. Ni cikin Maris nake buɗe nawa, in bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama, in ce na zo duba itacenmu kafin hadari ya fara haɗuwa.