Yadda Ake Auna Danshin Ƙasa da Yawan Saiwoyi

A fara da kafa bututun ƙarfe wanda aka san girman cikinsa, a ciro samfuri biyu daga zurfi ɗaya. A tsince saiwoyin samfurin farko kafin a ɗora shi a sikeli, domin ruwan da ke jikinsu yana ɓata lissafi. Daga nan a busar da shi a tanda mai zafin digiri 105 na ma'aunin Celsius har nauyinsa ya daina raguwa, sannan a raba nauyin da samfurin ya rasa da nauyin busasshiyar ƙasar, a ninka da 100, don samun danshin ƙasar a kaso cikin ɗari.

Samfuri na biyu kuwa a wanke shi a hankali kan rariya mai ƙananan ramuka, don siraran saiwoyi, waɗanda su ne ke shan ruwa, ba su da wuyar sulalewa. A auna tsawonsu duka, a raba da girman cikin bututun don samun yawan saiwoyin.