Kurakuran da muke yi in za mu saƙa suwaita daidai jikin mutum

Mu da muke Makka sanyi bai cika damunmu ba, amma duk wadda take da ɗa ko ƙane mai aiki a Ta'if ko Tabuk ta san in Disamba ta shigo sai an nemi abin rufa, Tabuk fa har ƙanƙara takan sauka a dutsen Jabal Lauz. Ni suwaitar farko da na saƙa wa ƙanena wallahi da ya saka ta kamar an zuba shi a buhu, kuma wata biyu cur na yi a kanta.

Laifin daga ina? Ban yi saƙar gwaji ba. Takardar da ke jikin zaren ta ce ido 22 (wato madaukin zaren da ke kan tsinke) a santimita 10 da tsinke mai lamba 4, ni kuma na yarda kawai na ɗora ido 220 saboda ina son zagayen ƙirji santimita 100. Ashe hannuna sakwa-sakwa ne, ido 20 yake bani, kin ga kenan rigar ta tashi a 110. Ido biyu kacal fa ƴar'uwa, amma ya ƙara santimita goma. To dan Allah kafin ki fara, ki saƙa ɗan ƙyalle da ya ɗan fi tafin hannu, ki wanke shi ki shimfiɗa ya bushe sannan ki ɗora tef a tsakiyarsa ki ƙirga, ba a gefe ba dan gefe ƙarya yake yi. In idon ya yi kaɗan ki koma tsinke siriri, in ya yi yawa ki ɗauki mai kauri. Na san abin haushi ne mutum na ɗokin farawa a ce ya tsaya, amma yamma ɗaya ce kawai.

Sai awo. Wasu sai su auna ƙirjin mutum cif su saƙa a haka, sun manta zai saka ta kan tobe (doguwar rigar maza) ne ko kan riga, ki ƙara kamar santimita 5 zuwa 10. In mai ita yana nesa ma ya fi sauƙi, ki ce ya shimfiɗa wadda yake jin daɗinta a ƙasa ya auna miki ya turo ta WhatsApp. Hannu kuma a auna shi a ɗan lanƙwashe.

Zare kuwa ki saya gaba ɗaya rana ɗaya, har da curi ɗaya na ƙari, ki duba lambar rini da ke jikin takardar ta zama iri ɗaya. Ni na taɓa komawa shagon bayan sati uku na samo kalar dai ita ce a ido, a ɗaki ba a gane komai, amma da aka fita rana sai ga hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu. Kuma in a Jidda ko Makka za a saka ta saboda sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ne kawai, ki bar suf (zaren gashin tumaki) mai nauyi, na auduga ko wanda aka gauraya ya isa.

Wuya ma yana ba mutane kunya, musamman na yara tunda kansu babba ne, an gama komai tsaf a zo rufe ido a ɗaure shi tamau kai ya ƙi shiga yaro na ta ihu. Ki rufe da tsinken da ya fi wanda kika yi aiki da shi girma.

In suf ne na gaske kar ya ga ruwan zafi ko gassala (injin wanki), zai dunƙule ya koma na jariri kuma ba ya dawowa. Ruwan sanyi, a matse cikin tawul ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. Kar ki rataye ta a igiya tana jiƙe, nauyin ruwan zai ja ta har gwiwa.