Matakan Duba Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu

Tambayar yadda ake duba tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu kafin a saya ta yawaita, shi ya sa na jera matakan.

1. Ware wani kaso na kuɗinka domin gyara da tayoyi.
2. Shiga ƙarƙashin motar da tocila ka duba shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar. A ganina, shasin da tsatsa ta ci ya fi tsohon inji muni.
3. Tayar da injin da sanyinsa ka duba hayaƙin da yake fitarwa, domin shuɗin hayaƙi alama ce ta ƙona baƙin mai.
4. Gwada giyar ƙafa huɗu a kan yashi.

Hattara: kada ka gwada ta a busasshiyar kwalta, musamman wajen shan kwana, domin hakan yana lalata giyar motoci da yawa.

5. Tabbatar lambar shasi ta dace da ta takardu.
6. Kai ta wurin amintaccen makanike kafin ka biya.