Landan zuwa Birnin Kebbi: awa shida a sama, kwana biyu a hanya

Ɗan Kebbi da ya sauka Ingila karatu, tun bai gama sabawa da sanyi ba yake fara lissafin zuwa gida. Ya duba waya, ya ga Landan zuwa Abuja awa shida da ɗoriya, sai ya kira Inna ya ce gobe war haka yana tsakar gida. Ɗan'uwa, bi a hankali.

Gaskiya ne tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja kimanin kilomita 4,800 ne, kuma jirgin da ba ya yada zango yana cinye su cikin wannan lokacin. Amma kafin nan fa? Idan a Mancesta kake, jirgin ƙasa zai ci maka awa biyu da wani abu zuwa Landan, ga ratsa gari da akwatuna, ga awa uku da ake so ka riga jirgi isa fili. Tikiti mai sauƙin kuɗi kuwa ta Alkahira, Istanbul ko Doha yake bi, kuma da zaman jira tafiyar kan ninka, har ta wuce.

Inda aka fi shan wuya shi ne bayan an sauka Abuja. Zuwa filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, tafiyar kamar awa ɗaya ce a sama, sai dai jiragen wannan hanya ba su da yawa. Tikitin cikin gida daban kake sayensa, saboda haka in na Landan ya makara ka rasa na Kebbi, asarar taka ce. Nauyin kayan da suke yarda da shi ma bai kai na jirgin waje ba, tsarabar da ka jido sai ka biya mata kuɗi a kanta. Ni dai shawarata, ka kwana Abuja, ka tashi washegari hankali kwance. In ba a samu jirgin Kebbi ba, akwai na Sakkwato, daga can mota ta kawo ka Birnin Kebbi. Mutanen Yawuri da Zuru kuwa, ko sun sauka Ambursa da sauran tafiya a gabansu, kuma kada a yi ta da dare. A Disamba da Janairu ka ƙara kwana guda a lissafi, don hazo kan hana jirgi sauka a Arewa.

Lokacin da ke jikin tikiti agogon garin da aka rubuta ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila da namu ɗaya ne, da sanyi kuma Najeriya na gaba da awa ɗaya. Ka tuna da wannan kafin ka faɗa wa Yaya lokacin da zai zo tarbarka.

Mai son idi a gida, ya isa da kwana biyu ko uku a hannu, tunda sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata ake sanin ranar.