Motonka na Tari da Damina? Bi Sawun Ruwa Kafin Ka Sayi Kaya

Daga watan Afrilu zuwa Yuli, sai kuma Satumba da Oktoba, aikinmu na gyaran babur a Kumasi yakan koma kusan iri ɗaya. Mutum ya turo Boxer ko Haojue ko Apsonic da ƙafa, wando sharkaf, ya ce, "Masta, jiya lafiya lau na ajiye shi, yau ya ƙi tashi." Wani nasa yana tashi, amma da ya murɗa totur sai inji ya hau tari, ya shaƙe, ya mutu. Sau da yawa kafin ya iso rumfata a Aboabo wani ya riga ya ce masa CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, ce ta ƙone, har ya je Suame Magazine, babbar kasuwar kayan gyara, ya sayo sabuwa. Ni kuwa abin da hannuna ya saba tararwa shi ne ruwa ya samu wurin zama, ko a hanyar wuta, ko ta iska, ko ta mai.

Da farko ka raba sanyi da ruwa. In ba a yi ruwa ba, sanyin asuba ne kawai irin na watan Agusta, to fetur ne ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi, kuma don haka aka yi cok, wanda ke rage iska don mai ya yi yawa. Ja cok, ka bar totur, ka buga kik. In ya tashi ka ba shi minti ɗaya ko biyu, sannan ka mayar da cok. Masu mantawa su hau titi da cok a ja su ne fuloginsu ke yin baƙi ƙirin. Idan kuwa kullum da safe sai ka sha wuya ko da cok, a duba bawul. A irin waɗannan ƙananan injuna ratar takan kasance wajen milimita 0.05, ana saita ta inji na sanyi, kuma littafin babur ɗinka ne zai ba ka ainihin lambar.

In bayan ruwa ne matsalar ta taso, fara da hular fulogi. Cire ta ka leƙa ciki. Sau tari za ka ga raɓa ko tsatsa, ko robar bakinta ta tsage. Wutar da kwal, wato na'urar da ke ƙara wa wuta ƙarfi, ke turowa tana da ƙarfin dubban bolt, kuma ba ta da haƙuri: in ta samu danshi sai ta bi shi zuwa jikin inji, ta bar fulogi. Goge da busasshen tsumma, ka fesa WD-40, man feshi mai korar danshi, in kana da shi. Sannan kwance fulogin, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin, ka buga kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara tas-tas ake nema. Ja-ja mai rauni ko wadda ke zuwa tana ɗaukewa ba ta isa ba. Ratar bakin fulogi yawanci milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Ka riƙe ta wajen roba, ɗan'uwa, don wutar ba ta san Masta ba.

Ga wata dabara. Da dare, a wuri mai duhu, ka tayar da injin ka yayyafa ɗan ruwa a kan wayar da ta taso daga kwal zuwa fulogi. In fatarta ta tsage, da idonka za ka ga siririyar wuta tana tsalle zuwa firam, kuma daidai lokacin za ka ji inji ya yi tuntuɓe. Hula da waya ba su kai kuɗin CDI ba.

Sai iyakilina, wato matatar iska. Buɗe akwatin ka taɓa. In soso ne ya jiƙe, matse shi, ka wanke, ka bari ya bushe sarai, ka shafa masa ɗan baƙin mai kaɗan. In na takarda ne, canza shi kawai. Alamar wannan ita ce baƙin hayaƙi a salansa da shan mai fiye da ƙima.

Inda na fi son ka tsaya ka natsu shi ne wajen mai. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba sa gauraya, don haka duk ɗigon da ya shiga tanki ƙasa yake sauka, daga nan ya gangara cikin kwanon kafireta, inda jet, ɗan bututun da ke kai wa inji mai, ke zuƙa. Shi ya sa babur zai yi sulo lafiya, amma kana ba shi wuta ya shaƙe. Shi ya sa kuma wasu ke cewa matsalar ta fara ne da suka juya fanfon mai zuwa risab, domin risab daga gindin tanki yake ja. Rufe fanfon mai, ka tara farar kwalba mai tsabta ƙarƙashin kafireta, ka sassauta sukurun da ke gindin kwanon. Ɗaga kwalbar ka duba a haske: fetur a sama, a ƙasa kuma wani dunƙulen ruwa yana mirginawa in ka karkata ta. In ka gan shi, tsiyaye tankin ma, in ba haka ba gobe ka dawo.

Ta ina ya shiga? Galibi ta murfin tanki da robarsa ta cinye, musamman in kana ajiye babur ƙarƙashin indararo, ko yaran wanki sun sa masa tiyo mai ƙarfi. Man galan na bakin hanya ma yakan zo da nasa. Tankin da kullum yake kusan wayam shi ma yana tara gumi a ciki da dare. Na san 'yan okada da yawa sidi kaɗan suke zubawa su fita, amma da damina a daure a riƙa cikawa.

Abin da nake roƙo, kada ka taɓa sukurun iska na kafireta. Jiya daidai yake, ruwan sama bai juya shi ba. Kana murɗa shi ka ƙara wa kanka ciwo na biyu.

Wanda kuma ya faɗa ruwa mai zurfi, irin wanda ke malala in rafin Aboabo ya cika, har inji ya mutu a ciki, to kada ya buga kik ko sitata. Ruwa ba ya matsuwa, fistin zai dake shi, sandarsa ta lanƙwashe. Tura shi tudu, cire fulogi, ka yi ta buga kik har ruwan ya gama fitowa ta ramin. Zaro ma'aunin baƙin mai: in ya koma kamar shayi mai madara, a juye shi, a zuba sabo, a sake canzawa bayan ɗan gudu. Birki ma a gwada shi a hankali, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa da farko.

In duk ka busar da waɗannan amma babu wuta, duba makunnin kashe inji da ke kan hannu da mahaɗan wayoyi ƙarƙashin tanki da kujera, ka kankare koren tsatsar da ke bakinsu. Bayan nan ne za a yi maganar kwal ko CDI, shi ma ka sa makaniki ya ɗaura maka tasa ta gwaji tukuna, a ga ko wuta ta dawo, sannan ka nufi Magazine.