Yadda na dawo da ƙ, ɗ da ɓ a gVim

Na buɗe wani rubutu nawa a gVim, wata manhajar gyara rubutu, kan Windows, sai na tarar duk inda ƙ take ta koma Æ™, ɗ kuma É—. Da farko na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace, har na fara gyara kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa ban adana ba.

Ashe fayil ɗin lafiya lau yake. A UTF-8, tsarin adana haruffa da aka ajiye fayil ɗin da shi, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Shi kuwa gVim yana karantawa da wani tsarin daban, cp1252, inda kowane bayit harafi guda ne: C6 ya ba da Æ, 99 ya ba da ™. Laifina ne, tsohon _vimrc, wato fayil ɗin saitunan gVim, da na kwafo daga wata kwamfuta shi ke ɗauke da wannan saitin. Na goge layin, na sa waɗannan can sama:

set encoding=utf-8
set fileencodings=ucs-bom,utf-8,cp1252

Na rufe na sake buɗewa. Shirmen ya tafi, amma wasu haruffan suka fito kamar ƙananan akwatuna. Nan na ɗan rikice. Na ɗora alamar rubutu kan akwati ɗaya na danna ga, umarnin da ke nuna lambar harafi, sai ya nuna 0199, wato lambar ƙ daidai. Ke nan harafin na nan, fon ɗin (salon zanen haruffa) ne ba shi da zanensa.

Na sauke wani fon mai suna DejaVu Sans Mono, na ƙara set guifont=DejaVu_Sans_Mono:h12. Manyan Ƙ, Ɗ da Ɓ ma na gwada su, duk sun fito tsaf.