Makonni Biyu na Jar Ƙasa: Abin da Ya Kamata Sabon Zuwa Faris Ya Sani Game da Roland-Garros

Duk wanda ya sauka a Faris cikin hunturu, ya sha sanyi da duhu na wata huɗu ko biyar, zai lura cewa da zarar watan Mayu ya raba tsakiya sai garin ya sake kama. Rana takan daɗe ba ta faɗi ba, masu gidajen shan kofi su fito da kujeru bakin titi, sannan a ofis da makaranta da gidan burodi hira ta koma kan suna guda, wato Roland-Garros. A shekarata ta farko na ɗauka sunan wani ɗan siyasa ne, domin abokan aikina sun yi ta maimaita shi lokacin hutun rana, ni kuwa na yi zuru ina kallon bakinsu har makonni biyun suka wuce. Daga baya na gane cewa na yi asarar dama mafi sauƙi da baƙo yake samu ta shiga hirar Faransawa, mutanen da ba su cika buɗe wa baƙo ƙofa da wuri ba.

Roland-Garros gasar tanis ce, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya, sauran ukun kuwa ana yin su ne a Ostireliya da Ingila da Amurka. Ana buga ta daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni a unguwa ta 16 ta Faris, kusa da Porte d'Auteuil, a gefen dajin Boulogne. An fara ta a 1891 a matsayin gasar cikin gida, aka buɗe ta ga 'yan wasan ƙasashen waje a 1925. Roland Garros, mutumin da gasar da filinta suke ɗauke da sunansa, matuƙin jirgin sama ne, shi ne ya fara tsallake Bahar Rum da jirgi a 1913, daga kudancin Faransa zuwa Bizerte ta Tunisiya, ya kuma mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. An gina filin a 1928 saboda wasu gwanaye huɗu, René Lacoste da Henri Cochet da Jean Borotra da Jacques Brugnon, waɗanda suka ƙwato Kofin Davis, wato kofin tanis da ƙasashe suke fafatawa a kai, daga hannun Amurka a 1927, Faransa kuma ta rasa filin da ya isa ta kare kofin a gida. Lacoste ɗin nan shi ne mai rigar da ke da tambarin kada, wadda da yawanmu mun sa ta tun muna gida ba tare da sanin asalinta ba.

Abin da ya bambanta wannan gasa da sauran ukun shi ne ƙasar da ake taka wa. Faransawa suna ce mata terre battue, kuma Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ma'anar ita ce daɓe. Ana shimfiɗa tsakuwa, a bi ta da ragowar ƙonannen kwal, a ɗora farar ƙasa a daɓe ta sosai, sannan a barbaɗa garin gasasshen jan bulo a sama wanda kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Wannan garin bulo shi ne jan da ake gani a talabijin, kuma shi ne yake rage wa ƙwallo gudu, ya sa ta yi tsalle sama, har bugu ɗaya mai ƙarfi ya kasa kashe wasa kamar yadda yake yi a filin ciyawa. Saboda haka nasara a nan ta mai haƙuri ce da mai dogon numfashi, wanda ya iya zamiya a kan ƙasa ya kai ga ƙwallo, ya mayar da ita sau ashirin ko talatin ba tare da ya ƙosa ba. Wannan ne ya sa Pete Sampras na Amurka, duk da manyan kofuna 14 da ya tara, bai taɓa ɗaukar na Faris ba, shi ma Roger Federer sau ɗaya tak ya samu, a 2009.

Idan za ku riƙe suna ɗaya kawai, ku riƙe Rafael Nadal na Sifaniya. Ya ci gasar sau 14 tsakanin 2005 da 2022, kuma a cikin wasanni 116 da ya buga a nan sau huɗu kacal aka doke shi. Robin Söderling na Siwidin ne ya fara a 2009, Novak Djokovic ya yi sau biyu, a 2015 da 2021, sai Alexander Zverev a 2024 lokacin da jiki ya riga ya gaji. Tun yana wasa aka kafa masa mutum-mutumi na ƙarfe a harabar filin, a 2025 kuma aka dasa wani allo mai ɗauke da sawun takalminsa a gefen raga a babban fili. A ganina babu wani ɗan wasa a kowane fage da ya mallaki wuri ɗaya kamar yadda wannan bahagon ya mallaki Faris, kuma abin dariyar shi ne 'yan kallon garin sun daɗe kafin su yarda su so shi, domin zuciyarsu tana wajen Federer. Kafin Nadal, tun da aka buɗe gasar ga 'yan waje, Björn Borg ne mai tarihi da kofi 6. A ɓangaren mata Chris Evert tana da 7, Steffi Graf 6, sannan Justine Henin da Iga Swiatek kowacce 4. Wasan ƙarshe na maza a 2025 har yanzu ana labarinsa, domin Carlos Alcaraz ya tsallake rijiya da baya sau uku a hannun Jannik Sinner, a lokacin da maki ɗaya ya rage a miƙa wa ɗan Italiyan kofi, sannan ya dawo ya ci wasan bayan awa 5 da minti 29. Coco Gauff ce ta ɗauki na mata a shekarar, ita da Alcaraz kuma kowannensu ya tafi da Yuro miliyan 2.55, domin tun 2007 kuɗin maza da mata ɗaya ne.

Sai dai sunan da zai fi yi muku amfani a hira shi ne Yannick Noah. Mahaifinsa Zacharie ɗan Kamaru ne da ya buga ƙwallon ƙafa a Faransa, shi kuma Yannick a Yawunde ya tashi, inda Arthur Ashe, gwanin tanis ɗan Amurka, ya gan shi yana ɗan shekara 11 a 1971, ya ba da shawarar a kai shi Faransa a horar da shi. Ranar 5 ga Yuni 1983 ya doke Mats Wilander mai riƙe da kofin a turmi uku a jere (turmi shi ne zagayen wasa, wato set), mahaifin ya diro daga wurin 'yan kallo suka rungume juna a tsakiyar fili. Tun daga ranar babu Bafaranshe namiji da ya sake cin gasar, mace ta ƙarshe kuma ita ce Mary Pierce a 2000. Wannan miki ne da ake fama kowace shekara, kuma na sha ganin dattijon Bafaranshe da ba ya ko amsa gaisuwa da kyau ya saki fuska ya shiga ba da labarin inda yake zaune ranar da Noah ya ci. 'Yan'uwanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere suna da hakkin yin tinƙaho da shi fiye da kowa. Yana da kyau kuma a san cewa a wannan fili ne Althea Gibson ta Amurka ta zama baƙar fata ta farko da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasannin nan, a 1956.

Yanzu sai maganar shiga. Tikiti ana sayensa ne a shafin hukumar gasar kaɗai, yana zuwa cikin manhajar waya, kuma yana ɗauke da sunan mai shi, don haka duk wanda ya tare ku a bakin tashar jirgin ƙasa ko a WhatsApp ya ce yana da tikiti mai rahusa, ku yi masa godiya ku wuce. Tun daga gasar 2025 sai mutum ya yi rajista cikin hunturu an yi ƙuri'a kafin ya samu damar saye, wanda kuma bai dace ba yana iya sa ido a sashen da masu fasa zuwa suke mayar da nasu tikitin a wannan shafi. Manyan filaye uku ne: Philippe-Chatrier mai ɗaukar mutum kusan 15,000, Suzanne-Lenglen mai kusan 10,000, da Simonne-Mathieu mai 5,000, wanda aka buɗe a 2019 a tsakiyar lambun tsirrai. Shawarata ga ɗalibi ko wanda bai daɗe da fara aiki ba ita ce ya manta da waɗannan tukuna. Ya nemi tikitin ƙananan filaye a makon farko, ko kuma na makon share fage da ake yi kafin gasar ta kankama, wanda shi ne mafi arha. A ƙananan filaye babu kujerar kowa, wanda ya riga shi ne ya zauna, kuma mutum yana iya yini yana zagayawa daga wannan wasa zuwa wancan. A nan ne na fara jin ƙarar zamiyar takalmi a kan ƙasa da nishin ɗan wasa a kusa da ni, na ga jar ƙura ta rine masa safa har zuwa ƙwauri, na kuma ga ma'aikata sun shigo tsakanin turmi da turmi suna jan wata raga don baje ƙasar, suna share farin layi da tsintsiya, suna yayyafa ruwa kamar matan gida da safe.

Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 10 zuwa Porte d'Auteuil ko layi na 9 zuwa Michel-Ange-Molitor, daga nan sai 'yar tafiya a ƙafa cikin ayarin mutane. Kada a je da mota. Kada kuma a je da babbar jaka, domin ba a shiga da wadda ta wuce lita 15, kuma ni kaina na taɓa ɓata kusan awa guda a layin ajiye kaya saboda na ɗauko jakar goyo ta makaranta. Abincin ciki yana da tsada, mafi yawansa kuma mai kiyaye halal sai ya yi ta tambaya, saboda haka gara a yi guzuri daga gida da gorar ruwa ta roba. A riƙe hula da rigar ruwa gaba ɗaya, domin yanayin Faris a Mayu ba shi da alƙawari. Chatrier ya samu rufi a 2020, Lenglen a 2024, amma a ƙananan filaye idan ruwa ya yi ƙarfi sai a lulluɓe ƙasa da tamfol kowa ya nemi mafaka.

Maganar salla tana buƙatar tsari tun daga gida. A farkon Yuni azahar tana shiga wajen ƙarfe 2 saura, la'asar wajen 6, magariba kuwa sai kusan 10 na dare, kuma wanda ya fita daga harabar ba a barinsa ya sake shiga da tikiti ɗaya. Salla a bainar jama'a abu ne da ke jawo ido da tambaya a Faransa, don haka ya fi kyau mutum ya tsara shigarsa da fitarsa yadda ba zai shiga matsi ba, ya kuma guji sayen tikitin ranar Juma'a idan yana son zuwa masallaci. A duba kalanda ma, domin a 2025 Babbar Salla ta faɗo ranar 6 ga Yuni, daidai ranar wasan kusa da na ƙarshe na maza. Mata masu hijabi suna shiga kallo kamar kowa, abin da dokar 2010 ta hana a wuraren jama'a shi ne rufe fuska.

Wanda ya saba da gidan kallon ƙwallo ko filin dambe sai ya koyi kame bakinsa. Ana yin tsit daga lokacin da ɗan wasa ya ɗaga ƙwallo har maki ya ƙare, sannan a yi tafi da ihu yadda ake so. Ba a tashi ko a shigo sai lokacin da 'yan wasa suka zauna hutun sauya gefe, kuma na koyi wannan ne da kunya, ranar da na miƙe zan amsa waya wata tsohuwa ta ja gefen rigata ta zaunar da ni ba tare da ta ko dube ni ba. Alƙalin wasa da Faransanci yake ƙirga maki: quinze 15, trente 30, quarante 40, idan an yi kunnen doki bayan an kai 40 ya ce égalité, wanda ya samu maki na gaba kuma avantage. Maza suna buga turmi har biyar, wanda ya ci uku ya yi nasara, mata kuma uku, a ci biyu. Wani abin sha'awa shi ne ƙwallo tana barin tabo a ƙasa, don haka idan gardama ta tashi alƙali yakan sauko daga kujerarsa ya durƙusa ya duba sawun kamar mai bin sawun ɓarawo, 'yan kallo kuwa su yi ta fito. Mutanen Faris sun yi ƙaurin suna wajen yi wa 'yan wasa ihu, har ta kai a 2024 aka hana shan giya a kan kujerun kallo, kuma ba al'ada ba ce da baƙo zai yi sha'awar ɗauka.

Wanda bai samu tikiti ba bai rasa komai na hira ba, domin tashoshin France Télévisions suna nuna wasannin rana kyauta, na dare ne da aka fara a 2021 suke kan Prime Video. Kallon sa'a ɗaya da yamma ya isa mutum ya samu abin faɗa washegari, kuma sharhin masu gabatarwa darasin Faransanci ne da ba a biya. Ɗalibai su sani cewa kamfanonin tsaro da na abinci da na tarbar baƙi suna ɗaukar ma'aikatan wucin gadi don gasar, ana kuma fara nema watanni kafin Mayu, sai dai awannin suna shiga cikin 964 da takardar zaman ɗalibi ta yarda a yi aiki a shekara. Masu yara kuwa, idan ɗa ko 'ya ta ga yaran nan masu tsintar ƙwallo suna gudu a gefen raga ta ce ita ma tana so, a jira farkon Satumba, lokacin da ƙananan hukumomi suke tara ƙungiyoyin unguwa a rana ɗaya don rajista. A nan za a samu teburin kulob ɗin tanis mafi kusa da gida, a tambayi kuɗin shekara da ranakun horo, a kuma tambaya ko suna ba yaro aron abin bugu kafin a kashe kuɗi a saya masa nasa.